Daga Sara Zuwa Ƙofar Mata, Ranar Da Baƙo Ya Ci Masu Gida

Mutumin Sara ba ya ba kowa haƙuri don yana goyon bayan Kano Pillars. Lokacin da aka haɗa WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North aka kafa ƙungiyar a 1990, yankinmu na Gwaram da Birnin Kudu duk a jihar Kano yake, sai a watan Agustan 1991 aka yanke mana Jigawa. Ke nan da mu aka ci ragon suna, rabon gida daga baya ya zo. Gaskiya ne yaran yanzu a gidajen kallo sun fi sanin 'yan benci na Chelsea da Barcelona a kan kyaftin ɗin Pillars, amma a wancan lokacin da nake ba da labari, wato daminar 2015, ko su ɗin suna ɗaga kai idan aka ce masu gida. Ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma rabon da wani ya zo ya ci ta a gida a gasar tun watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta yi hakan. Wasa 202 ake lissafawa ba a ci ta a gida ba. Ina da wasu takardu da zan karɓa a wani ofis a Kano ranar Litinin, ga Nasarawa United za ta zo ranar Lahadi, ga shi makarantu na hutu. Sai na ce bari in tashi tun Asabar.

Da hantsi na isa tasha ɗauke da tsarabar da aka ɗora mini ta gidan Kawu: kwalbar man shanu, ƙunshin busasshiyar kuka, da ƙwan zabi a cikin kwano an shimfiɗa masa dusa. Damina ce lokacin ƙwan zabi, kuma a Sara sai ka saye shi a rabin kuɗin da za a faɗa maka a birni. Ɗan kamasho ya ce kuɗin Kano naira 800, ba ragi, wai mai ya yi tsada. Wani dattijo mai babbar riga ya ce ai gwamnati ta ce lita naira 87. Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, nuna mini gidan man da yake sayarwa haka tsakanin nan da Wudil, in kai ka kyauta." Aka yi dariya, kowa ya biya. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, kwanon ƙwai a kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga shi sama.

Wanda bai san kudancin Jigawa ba sai a rani, bai san shi ba. A watan Agusta hanyar nan kore ce shar dama da hagu: gero ya fid da kai, dawa ta wuce tsayin mutum, gyaɗa ta rufe kunya, ga riɗi, wanda shi ne abin da yake kawo manyan motoci kasuwarmu idan kaka ta yi. Duwatsun Birnin Kudu sun yi baƙi saboda ruwan da suka sha. A cikinsu ne zane-zanen nan na mutanen dā suke, na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Turawa kan zo daga nesa su gani, mu kuwa mu wuce a mota muna gardamar farashin taki. A Birnin Kudu muka sauke mutum ɗaya, muka ɗauki wani saurayi sanye da riga ruwan ɗorawa da kore. Ban tambaye shi inda za shi ba.

Shi ne ya tayar da zancen abin da ya sami ƙungiyar a watan Maris na shekarar, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasa wuta a kusa da Abaji, a hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata biyar, har da Gambo Mohammed. Direba ya ce shi dai ko nawa za a ba shi ba ya bin hanyar Lokoja. Wannan hira ta tsaya mini a rai, don ita ce amsar da magoya baya kan bayar idan aka ce me ya sa ƙungiyoyinmu ba sa cin wasa a waje: ɗan wasa ya wuni ya kwana a zaune cikin bas, ya sauka ƙafa a kumbure, ya ci abincin da bai saba ba, gobe a ce ya shiga fili. Amsa ce mai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce duka gaskiyar ba.

Mun wuce Kwanar Huguma, inda hanyar Dutse ta rabu, muka shiga ƙasar Kano. Shingayen bincike a lokacin ba su da iyaka saboda halin da ake ciki na tsaro, a rage gudu, a leƙa, wani wurin a buɗe but. A Wudil direba ya tsaya wai zai duba taya, amma kowa ya san kifi ya tsaya saye. Kogin ya cika ya yi ja, yara mata suka yanyame motar da farantan soyayyen kifi da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Abin da na lura da shi a hanyar nan shi ne, duk garin da ka matsa kusa da Kano, masarar sai ta ƙanƙance kuɗinta ya ƙaru. Daga Mariri kuwa sai cunkoso da hayaƙi, har muka sauka a Unguwa Uku. Tun farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, saboda haka A Daidaita Sahu na hau, ya bi da ni ta Ƙofar Nassarawa in ga sabuwar gadar sama, ya ajiye ni a bakin lungun su Kawu a cikin gari, ba nisa da kasuwar Rimi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin makaranta, ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, aiki ya kawo shi birni ya zauna. Na durƙusa a soro na gaishe shi, ya tambayi gida mutum ɗaya-ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi ko tsutsa ta taɓa gero. Kafin in gama amsawa an shimfiɗa mini tabarma a shagon ƙofar gida, an kawo ruwa da fura. Hajiya, matar Kawu, ta buɗe kwanon ƙwai ta ƙirga, ko ɗaya bai fashe ba, ta sa mini albarka har na ji kunya. Da dare ta yi tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa, da man shanun da na kawo a sama, ta kuma aiko da naman da na tabbata rabon yaran gidan ne.

Baƙuntar mutumin birni ta fi ta mutumin ƙauye tsada, wannan na yarda da shi tun daga ranar. Mu a Sara idan baƙo ya zo, rumbu za a buɗe, kaza tana tsakar gida, kuɓewa tana bayan ɗaki. A gidan Kawu kuwa duk abin da ya shiga bakina sai da aka ciro kuɗi: shinkafa a kwano, itace a ɗauri, hatta ruwan da na yi wanka da shi daga kurar ɗan garuwa aka saya jarka-jarka. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 18,000 ne, fanshon malami kuwa kowa ya san halinsa. Duk da haka ba wanda ya tambaye ni yaushe zan koma.

Bayan sallar isha wuta ta ɗauke, muka zauna a soro da 'yar fitila mai caji. Na ce masa gobe zan je in ga wasa na 203. Ya yi murmushi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon littafin Turanci mai kauri, bangonsa ya yage an liƙe da salatif, wanda ya ce ya saya tun yana saurayi a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Ba komai a ciki sai sunayen ƙungiyoyin Ingila da lambobi. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya tsaya.

"Ka san Millwall?"

Na ce, "Kawu, ina dai jin sunan idan ana gasar cin kofin ƙalubale."

Ya ce ƙungiyar talakawa ce a kudu maso gabashin Landan. Ma'aikatan wata masana'antar abincin gwangwani suka kafa ta a 1885, magoya bayanta kuma yawanci 'yan dako ne na tashar jiragen ruwa. A kakar 1927 zuwa 1928, shekara biyu da hawan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da hakiman Gwaram da Birnin Kudu suke kawo gaisuwar salla nan birni, wannan ƙungiya tana rukuni na uku, ɓangaren kudu, abin da mu za mu kira gasar gajiyayyu. Ta buga wasa 42, ta zura ƙwallo 127, ta ɗauki kofin rukunin ta hau na biyu. Ya ce in yi lissafi. Na yi: uku a kowane wasa, da ɗan ɗoriya. Ya matso da fitila ya nuna mini layi na gaba. A cikin 127 ɗin nan, 87 a gida aka ci su, a wasa 21. Duk wanda ya biya kuɗin ƙofa a filinsu a shekarar, a matsakaici ya ga ƙwallo huɗu a ragar baƙo.

Na ce to masu tsaron bayan zamanin barci suke yi? Ya ce a'a, doka ce ta canza a ƙarƙashin ƙafarsu. Kafin 1925, ɗan gaba ba ya kuɓuta daga satar gida sai da abokan hamayya uku tsakaninsa da layin raga lokacin da aka ba shi ƙwallo. 'Yan baya suka gane dabara, ɗaya ya taka gaba kaɗan, alƙali ya busa, wasa ya zama ba daɗin kallo. Sai aka rage uku ta koma biyu. A rukuni na ɗaya kaɗai, ƙwallayen da aka ci suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a shekara guda. Kafin masu horarwa su yi tunanin janyo ɗan tsakiya ya koma tsakanin 'yan baya biyu, maciya raga sun yi kaka: George Camsell ya ci wa Middlesbrough 59 a rukuni na biyu a kakar 1926 zuwa 1927, Dixie Dean na Everton ya ci 60 a shekarar da ta biyo baya. Bajintar Millwall ma ba ta daɗe ita kaɗai ba, don kaka ɗaya bayanta Bradford City ta ci 128 a ɓangaren arewa.

Abin da Kawu yake so in gani ba 87 ba ne. Ya ɗora yatsa ya ce, "Cire 87 daga 127." Na ce saura 40. Ya ce, "To, 40 ɗin nan a gidan mutane aka ci su. Kusan biyu duk fita. Wannan shi ne ƙarfi, ɗana. Na gida kowa ma zaki ne."

Na ce amma dai 202 ba wasa ba ne. Ya yarda. Har ya ƙara mini da cewa ita Millwall ɗin ta taɓa yin irin namu, daga 1964 zuwa Janairun 1967 ta yi wasa 59 a gida ba a ci ta ba, tana ƙananan rukunai ta fara, har Plymouth ta zo ta ci ta biyu da ɗaya, kuma Ingila duka ta ɗauki abin babban tarihi. Chelsea ta kai 86 kafin Liverpool ta karya ta a 2008. Real Madrid, da su Di Stefano da Puskas, 121 ta yi. Sai ya rufe littafin ya dube ni ta saman tabarau.

"Mu mun ninka Chelsea har da ɗoriya. Ko dai mun fi kowa iya ƙwallo a duniya, ko kuwa akwai abin da yake hana baƙo ci a ƙasar nan. Kai ka zaɓa."

Raina bai so ba. Na kawo masa 2009, shekarar da Pillars ta je har Alƙahira ta yi biyu da biyu da Al Ahly ta fitar da ita, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Ya ce wannan ya fi 202 daraja a wurinsa, kuma da ana rubuta abubuwa yadda ya kamata, da shi za a fara koya wa yara. Sannan ya tambaye ni ƙwallo nawa Raccah Rovers ta ci a 1978, shekarar da ta kawo wa Kano kofin ƙasa. Na yi shiru. Ya ce shi ya kalli wasanninta da idonsa, amma bai da takardar da zai buɗe mini. Ga ƙungiyar 'yan dako a rukuni na uku, bayan shekara 87, wani tsoho a lungun Kano yana karanta lissafinta da fitila.

Da safe aka kawo koko da ƙosai. Na zaga marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, na tarar da rijiyoyi da yawa a bushe, 'yan kaɗan ne ake tsoma shuni a ciki. Bayan azahar na ci gurasa bandashe a bakin titi, da ƙuli da yaji da albasa, abincin da har yau ban ga wanda ya iya shi kamar Kanawa ba, sannan na bi ayari zuwa filin wasa na Sani Abacha. Tun da sauran lokaci layi ya yi tsawo. Ana laluba kowa a ƙofa, a buɗe jaka, a ɗaga hula. Kuɗin shiga ɓangaren talakawa bai kai abin da na kashe a kan gurasa da lemo ba, kuma ya yi daidai da abin da muke biya a lokacin a gidan kallo a Sara mu ga wasa biyu na Turai a bango, cikin zafi da ƙarar janareta.

Filin nan ya ga gasar matasa ta duniya a 1999, ya ga gasar ƙasashen Afirka a 2000, ya ga ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma ba ginin ne abin kallo ba, mutanen ne. Ban taɓa ganin taron da talaka da mai kuɗi suke ihu da murya ɗaya irin wannan ba. Makaɗa sun kama gefe guda, masu ruwan leda suna jefa wa na sama a kan naira 10, kuɗin kuma ya biyo hannu-hannu ya sauko bai ɓace ba. Kusa da ni wani tela ne daga Fagge, ya zo da ɗansa da 'yar rediyo a kunne, yana kallon wasa yana kuma sauraron yadda ake ba da labarinsa. Da ya ji daga Sara nake, sai ya matsa mini wuri, ya tsaga rake ya miƙo mini rabi, ya ce, "Baƙonmu ne kai yau, Malam." Duk lokacin da Rabi'u Ali ya taɓa ƙwallo sai filin ya ɗauka, "Pele! Pele!" Yaron telan bai kai shekara 12 ba, wato tun da aka haife shi ba a taɓa cin Pillars a gida a gasar ba. A wurinsa ba tarihi ba ne, haka duniya take.

Nasarawa United ba ta zo da tsoro ba. Wannan na gani tun da wuri, daga yadda 'yan wasanta suke riƙe ƙwallo su ɗaga kai, maimakon su doka ta gaba su koma su tare ƙofa kamar yadda baƙi suka saba. Ba zan cika ku da wa ya ba wa ba. Da lokaci ya fara ƙurewa kiɗa ya ragu, mutane suka miƙe tsaye, tela ya kashe rediyo ya sa a aljihu, kowa yana duban alƙalin wasa, kuma na san abin da da yawanmu muke jira, don ni ma shi nake jira: wani usur da zai zo ya gyara mana lissafi. Usur ɗin da ya zo na tashi ne. Nasarawa biyu, Pillars ɗaya, Lahadi 23 ga Agusta, 2015.

Yaron ya dubi ubansa ya ce, "Baba, an gama?" Uban ya ce an gama. Ya ce, "Ba za a ƙara lokaci ba?" Wani matashi a bayanmu ya fara zagin alƙali, wani dattijo ya juya ya ce masa, "Kai, rufe mana baki, sun fi mu wasa." Na sha jin magoya baya suna faɗin abubuwa da yawa a filin ƙwallo, amma wannan jimlar ban saba jin ta daga bakin mai gida ba.

A ƙafa na koma. Kawu ya riga ya ji a rediyo, yana zaune a soro yana jan carbi. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Biyu da ɗaya, irin na Plymouth." Sannan ya ce a ganinsa yau ne 202 ɗin ta zama abin faɗa, don yanzu an san ƙofar ba a kulle take ba, ana iya shigowa a ci, kawai dai shekara 12 ba a samu mai ci ba. Ban yarda da shi duka ba, don wasa ɗaya ba ya wanke shekara 12 na dukan gasar, kuma shi ma ya sani. Amma na fi jin daɗin wannan magana a kan duk ta'aziyyar da aka yi mini a waya a daren. Hajiya, wadda ba ruwanta da ƙwallo, ta aiko da dambu da zogale, ta ce a faɗa mini in ci, ba a kwana da yunwa saboda wasan yara.

Litinin na karɓi takarduna kafin azahar, na biya Kantin Kwari na yanko wa mahaifiyata atamfa, wadda ta fi araha a kan ta kasuwar Sara da abin da ya kai kuɗin motata. Kawu ya rako ni har titi, ya cusa mini kuɗi a aljihu, na ƙi, ya ce ba da ni yake ba, na yara ne. A motar komawa hira ɗaya ce daga Unguwa Uku har Kwanar Huguma, kowa da wanda yake ɗora wa laifi, sai da ruwa ya tsuge muka rufe gilasai aka koma zancen gona. A Sara kuwa 'yan Chelsea na gidan kallo sun riga sun shirya mini tarba, na ce musu su fara kai 100 tukuna mu yi magana.

Enyimba ce ta ɗauki kofin shekarar, Nasarawa United ta ƙare ta uku. Bayan shekara bakwai, a 2022, Pillars ta faɗa gasar gajiyayyu, ta yi kaka ɗaya ta dawo. Ranar da ta faɗa Kawu ya kira ni a waya, muka gaisa, ya tambayi damina, sannan ya ce Millwall ma a rukuni na biyu take, in sayi littafi mai layi in fara rubuta ƙwallayen, na gida daban, na waje daban.